Kwalabe Masu Lamba

Litinin, 8 ga Janairu

Mura ta tafi, ƙamshi bai dawo ba. Zazzaɓi ya sauka tun makon jiya. Hanci a buɗe, iska na shiga tana fita, babu komai a cikinta. Da safe na buɗe robar daddawa na kai har bakin hanci. Shiru. Man shanu ma shiru. Shayi ya koma ruwan zafi da sukari.

Bikin 'yar Yaya kafin azumi. Humrar amarya a wuyana take, ni da bakina na ce a bar mini tun ranar da aka sa rana. Yaya ba ta san maganar hancin ba tukuna.

Laraba, 10 ga Janairu

Asibiti. Layi tun hantsi, sai bayan azahar aka kira ni. Likita ya haska fitila, ya ce babu abin da ya toshe. Can saman kogon hanci ne, inda jijiyoyin jin ƙamshi suke, nan cutar ta taɓa. Wai suna sake tsirowa ko a jikin babba, amma ba su da rana. Wani mako biyu, wani watanni. Wani kuma, bai ƙarasa ba, ni ma ban tambaya ba.

Aikin gida: abu huɗu, safe da yamma, kowanne daƙiƙa 20. Wardi, lemon tsami, kanumfari, ganyen bishiyar turare. Wani likita ne a Jamus, Thomas Hummel, ya gwada haka a 2009, mako 12 marasa lafiyarsa suka yi suna shaƙa. Na lissafa a zuci. Mako 12, an sha biki an watse, azumi ma ya yi nisa.

Na ce, "Likita, in na haɗa da turarukana fa?" Ya ce, "Hajiya, duk abin da hancin ya sani a da, ki riƙa ba shi." Ya ƙara da cewa a sa wani ya riƙa duba gas da dare.

Alhamis, 11 ga Janairu

Na sauko da su duka, na saman durowa da na cikin akwatin Inna, na jera kan tabarma. Ban taɓa ganinsu wuri ɗaya ba. Na feshi masu manyan kwalabe. 'Yan rubu'in tola na ud da wardi da miski, tsarabar Umra da ta masu dawowa daga Dubai. Na Al-Rehab masu ƙwallo a baki. Humra baƙa da fara a kwalaben da ba su da suna, kowace an ɗaure mata baki da leda.

Shiri da Auta. Ta yayyanka farin yadi ƙyalle-ƙyalle, ta liƙa wa kowace kwalba filasta a gindi ta rubuta lamba, sunayen suna cikin littafinta na makaranta. Ni ba gani, ba taɓawa. Hannu ya san kwalba, da na riƙe zai gaya mini. Ƙyalle kawai za ta miƙo.

Humrar Inna, wadda ta haɗa shekarar da ta rasu, saura ɗan yatsa biyu a gindin kwalba. Na ce ta sa ta cikin lamba, kada ta faɗi ranar da za ta kawo, kuma ɗigo ɗaya tak.

Juma'a, 12 ga Janairu

Malam ya shafa ud zai tafi masallaci, ya gifta ta gabana. Da ido na san ya shafa, na ga yana murza gemu. Na yi masa a dawo lafiya na shige ɗaki.

Lahadi, 14 ga Janairu

Ƙyallayen Auta, babu. Kanumfari babu. Lemon tsami babu.

Mantaleta ta ba ni sanyi har cikin ido, na zabura na kira Auta. Can na tuna likita ya faɗa: sanyi da yaji da zafin alkohol wata jijiya ce daban ke ɗaukarsu, ita ba ta kwanta ba. Shi ya sa nake iya cewa wannan ƙyallen na feshi ne, wancan na mai. Iyakar sanina ke nan yau.

Talata, 16 ga Janairu

Hazo. Rana kamar ba ta fito ba. Safe da yamma, abu huɗu, ƙyallaye. Na yi saboda na ce zan yi.

Laraba, 17 ga Janairu

Kanumfari! Bayan sallar asuba, na dandaƙa ƙwaya biyu da bayan cokali na kai hanci. Wani abu ya zo, kamar wanda ya yi sallama daga zaure ya juya kafin a amsa. Na sake shaƙa, babu. Na sake, babu. Amma ya zo, ban ƙirƙira ba.

Ban gaya wa kowa ba sai Auta.

Asabar, 20 ga Janairu

Lamba 11. Auta ta miƙo bayan la'asar, ina zaune bakin ƙofa. Shaƙar farko ba komai. Na ajiye kan cinya, na bar shi, na ɗauka. Wani abu mai kauri, mai maiƙo, fure a ciki amma ba ɗanyen fure ba, da ɗan yajin kanumfari can ƙasa. Sunan bai zo ba. Abin da ya zo ɗakin Inna ne a Maiduguri, ranar suna, mata cike, an buɗe akwati ana fito da zannuwa. Daga ɗakin na bi na iske kwalbar: 'yar ƙarama, hoton yarinya a jiki.

Na ce, "Binta Sudan."

Auta ta duba littafi ta yi tsalle. "Umma, shi ne wallahi!"

Bai ba ni mamaki ba da shi ya fara buɗe ƙofa. Mai ne zalla, babu alkohol da zai soki hanci ya rufe sauran. Tun 1920 kamfanin W.J. Bush na Landan ya haɗa shi, bayan wakilinsu Eric Burgess ya je Sudan, yanzu a nan Kano ma ana yin sa. Kakata ta shafa, Inna ta shafa, ni an shafa mini tun ban san sunana ba. Mafi arha a cikin tabarmar nan. Na sa ƙyallen cikin ɗankwali na kwana da shi.

Litinin, 22 ga Janairu

Jiya babu. Yau lemon tsami ya ɗan leƙo. Lamba 11 da Auta ta sake cusowa cikin wasu, na cafke shi nan take. Sauran shiru.

Yaya ta kira kan anko. Na ce komai na tafiya.

Talata, 23 ga Janairu

Wani sabon abu, kuma ba mai daɗi ba. Ana soya albasa na ji warin ƙonanniyar roba, har da ruɓa a ciki. Na fito da gudu ina cewa a duba waya ko wuta ce. Kowa na kallona. Kofin Malam shi ma haka. Man goge baki haka. Tuwo da miyar kuka kawai na iya ci, ita ma ba daddawa.

Gara shirun.

Juma'a, 26 ga Janairu

Na koma asibiti. Ya ce sau da yawa wannan alamar tsiro ce. Hancin ɗan Adam yana da masu karɓar ƙamshi wajen iri 400, binciken da ya kai ga gano su shi ya ba Linda Buck da Richard Axel kyautar Nobel a 2004. Kowane ƙamshi taron wasu ne daga cikinsu suke amsawa tare. In wasu sun tashi wasu suna kwance, saƙon da ya isa ƙwaƙwalwa guntu ne, ita kuma in ta rasa gane abu sai ta ɗauke shi haɗari. Na fahimta. Fahimtar ba ta hana ni toshe hanci a bakin mai ƙosai ba.

Na tambaye shi ko zai wuce kafin Maris. Ya ce, "Allah Ya sa, Hajiya."

Asabar, 27 ga Janairu

Lamba 6, da hantsi. Wari. Garken awaki bayan ruwa, da fatar da aka jeme ba ta bushe ba. Na jefar da ƙyallen kan taga. Abin da nake tsoro ke nan tun Talata, kada ɓarnar ta bar madafa ta shigo cikin kwalabena. Albasa zan iya haƙura da ita. Na yi kuka sosai, Auta ta tsaya riƙe da littafi ba ta san ko ta faɗa ba. Na ce kada ta faɗa.

Bayan isha na je rufe taga, ƙyallen na nan. Na ɗauka don in yar. Itace. Busasshen itace mai zaƙi, hayaƙi kaɗan, garken ya ja baya can nesa. Na zauna a bakin gado.

Ud ɗin Indiya ne, na Asam, wanda Malam ya kawo mini rubu'in tola. Haka yake tun ranar da aka buɗe shi, da wari yake fara gaisuwa. Bishiyar da ake samunsa, lafiyayyarta fara ce ba ta da ƙamshi. Sai ta ji rauni, funfuna ta shige ta, ta yi ta fitar da baƙin ƙaro tana kare kanta shekara da shekaru, wannan ɓangaren ake sassaƙowa a jiƙa a ruwa, a dafa, a tatsi mai ta tururi. Jiƙon nan in ya daɗe shi ke ƙara masa warin garke. Na Kambodiya bai cika yin haka ba, shi da zaƙi yake farawa.

Na ta da Auta daga barci. "Lamba 6, ud na Indiya?" Ta ce eh. Ta ce, "Umma, ni ma fa wari na ji da na ɗiga, tsoro na ji in faɗa."

Ashe hancin gaskiya ya faɗa da safe.

Litinin, 29 ga Janairu

Na canza sharaɗi. Ba amsa a shaƙar farko. Kowane ƙyalle cikin ambulan ɗinsa, in duba da safe, da azahar, da dare, in ya kama har washegari. Turare ba a tsaye yake ba. Lemo da danginsa su ke fara tashi, cikin mintuna sun tafi. Fure ya yi awanni. Sandal, miski, ud, banila, su ke kwana a yadi. Ni kan nan na sama har yanzu bai ishe ni ba, gindin nake kamawa. To bari in jira shi a gindin.

Da haka na samu Khamrah na Lattafa da dare, kirfa da dabino. Da safe ba abin da ya ba ni sai zafin alkohol.

Ƙyalle biyu a rana ya isa. In na wuce haka duk su cakuɗe.

Laraba, 31 ga Janairu

Na gaya wa Yaya. Ta yi shiru, ta ce, "Shi ne kika ɓoye mini? Lafiyarki ta fi humra." Ta ce a saya a kasuwa. Na ce a'a. 'Yar gidanmu ba ta taɓa shiga ɗaki da humrar kasuwa ba.

Mun tsayar: a aika wa Iya kuɗin mota, ta zo mu haɗa tare.

Juma'a, 2 ga Fabrairu

Iya ta iso da magariba daga Maiduguri, ƙura har gira. Ƙanwar Inna, tafiyarsu ɗaya, yadda take ɗaura ɗankwali ɗaya. Ta rungume ni, na san lafayarta na ƙamshin turaren kabbasa don ba ta taɓa fita babu shi ba. Kaɗan na samu. Hayaƙi, da wani abu a bayansa.

Ta zo da buhunta: farce, sandal gari da na itace, mahlab, hawi, kajiji.

Asabar, 3 ga Fabrairu

Ranar farce. Iya ta zazzage shi a faranti, baƙi-baƙi, lanƙwasasshe, kowanne kamar farcen babban yatsa, shi ya sa sunan. Murfi ne da dodon koɗin teku ke rufe bakin gidansa da shi, daga wajen Bahar Maliya ake kawowa. Tun can gida ta jiƙa shi ta kankare naman da ke manne a bayansa. Duk da haka sai da ta bi ɗaya bayan ɗaya da wuƙa, tana ɗagawa wajen haske. Ta ce, "'Yar nan, guntun nama ɗaya ya isa ya ɓata kwalba."

Aka hura gawayi. Ta zuba a kasko tana juyawa ba tsayawa. Yana kumbura yana ƙara, launi na komawa ja-ja. Auta ta toshe hanci ta gudu, wai ƙarni da ƙaurin gashi. Ni na matso. Ƙauri na samu, sosai. Ƙarnin bai zo ba.

Can Iya ta ɗaga hannu ta ce, "Ji nan." Ta ce akwai lokacin da ƙarnin ke karyewa wani ɗumi ya taso, nan ake saukewa, in an ƙara kaɗan ya ƙone. Na shaƙa, na shaƙa. Ban ji karyewar ba. Ita ta sauke.

Ni na daka, ni na tankaɗe. Wannan hannu ke yi.

Lahadi, 4 ga Fabrairu

Haɗi. Garin farce, sandal, mahlab, kanumfari, miski, aka kwaɓa, Iya ta turara kwaɓin da itacen sandal har ya yi duhu. Sannan madarar turare, sannan Rêve d'Or, wanda matan Sudan ba sa haɗa humra babu shi. Na Faransa ne, na gidan L.T. Piver, tun 1889. Iya ba ta awo. Ta zuba, ta juya, ta shafa a bayan hannu, ta yi hira, ta shinshina, ta ƙara. Kowane zubi sai ta miƙo mini hannunta. "Me kika ji?" In faɗi abin da na ji. Sandal na ji. Kanumfari na ji. Mahlab ban ji ba, ta ce yana nan.

An ɗure a manyan kwalabe, an ɗaure, an kai ƙarƙashin gado. Girgizawa kullum. Ba buɗewa sai satin biki.

Laraba, 7 ga Fabrairu

Da sassafe yarinya ta yayyafa ruwa a tsakar gida za ta yi shara. Ina fitowa da buta ya buge ni. Ƙasa ta sha ruwa. Cikakke, ba guntu ba, ba karkace ba. Na tsaya na ce ta ƙara yayyafawa.

Da azahar Auta ta kawo lamba 19, na buɗe ambulan na yi dariya. Shi ne dai, a kan sandal. Turaren ƙasa na Kannauj da matar ƙanina ta kawo lokacin da suka je jinya Indiya. Gasasshen yumɓu suke dafawa a tukwanen tagulla, tururin ya sauka cikin man sandal ya zauna. Wannan ban jira dare ba. Auta ta rantse ba ta san da maganar shara ba.

Ruwan farko sai wajen Mayu. Na ɗiga a gefen matashi.

Asabar, 10 ga Fabrairu

Ƙura kwana biyu. Hanci ya bushe har da ɗan jini. Komai ya ɗauke, har lamba 11. Iya ta sa a tafasa ruwa in yi sirace. Na yi.

Girgiza kwalabe. Abu huɗu. Barci.

Talata, 13 ga Fabrairu

Sun dawo, ba duka ba. Wardin Ɗa'ifa ya fito da dare, siriri, da ɗan tsami-tsaminsa na ganye. Furen da ake tsinka da asuba kan duwatsu kafin rana ta taɓa shi, shi ma bai yarda ya zo mini da safe ba.

Lamba 3 da lamba 15 sun hana ni sakat. Na san ɗaya Chanel No. 5 ne ɗaya Rêve d'Or, don su kaɗai ke ba ni hoda da sabulu haka. Wanne ne wanne, ban iya ba. Abin da ke raba su a sama yake. Ernest Beaux ya cika Chanel ɗin, na 1921, da aldihaid, wannan walƙiyar ta sabon yadi da aka goga, ita ce fuskarsa, kuma ita ce ba ta iso ni ba. Da can ko a cikin taro wata ta wuce da shi sai na juya.

Albasa har yanzu roba. Kofi ya ɗan sassauta.

Laraba, 14 ga Fabrairu

Lamba 22. Da safe na san humra ce, baƙa. Da azahar gabana ya fara faɗuwa. Da dare na tabbata. Farce mai ɗumi, sandal ya tsufa ya yi laushi, hayaƙi a ƙasa. Na riƙe ƙyallen na yi wa Inna addu'a, sannan na kira Auta.

Ta duba littafi. Ta daɗe tana dubawa. "Umma, ta Iya ce. Wadda ta aiko bara."

Iya tana kan sallaya tana ja. Da ta shafa ta ce a kawo mata ƙyallen. Ta shinshina, ta ce, "Ba ki yi nisa ba. Hannu ɗaya ya koya mana. Sai dai Innarku hannunta ya fi nauyi a mahlab, ni ina jin tsoronsa. Nata in ya kwana akwai ɗaci-ɗaci mai zaƙi a ƙarshe, irin na ƙwallon cikin 'ya'yan itace."

Mahlab. Wanda ban ji ba ranar haɗi.

Alhamis, 15 ga Fabrairu

Na roƙi Iya ragowar mahlab. Ta daka mini kaɗan a ƙulla a leda. Abu huɗu sun zama biyar.

Ban tambayi Auta ko ta taɓa kawo ta Inna na wuce ta ban sani ba. Ta kusa faɗa ɗazu, na ɗaga mata hannu.

Juma'a, 16 ga Fabrairu

Mahlab da safe: ƙura-ƙura, ba zaƙi ba ɗaci. Da yamma wataƙila. Ba zan rubuta eh ba.

Malam zai fita masallaci na ce, "Na Kambodiya ka shafa yau." Ya tsaya ya dube ni. Ya ce eh.

Iya za ta koma Lahadi, ta dawo satin biki da sauran mutanen gida. Motar asuba, a tuna a yi mata dambun nama. Asibiti ranar 28. Kwalaben amarya sun fara duhu, garin ya kwanta, mai ya hau sama, a ci gaba da girgizawa.

Gobe lamba 3 da 15 kawai, ba a yadi ba, a fata. Ɗaya hannun dama ɗaya hagu, Auta ta fesa ina rufe da ido. In fara shinshinawa tun bai bushe ba, ko saman zai zo.